Nono da mai ciwon ciki: ya sha ko ya bari?

Mai ciwon ciki ba ya rasa masu ba shi shawara. Wannan ya ce ya bar barkono, wancan ya ce ya bar maiƙo da suya. Amma in aka zo kan nono, sai baki ya rabu. Wasu su ce magani ne, wasu su ce shi ke tada ciwon. A ƙasar da fura da nono su ne abincin rana, tambayar ba ƙarama ba ce.

Madara daban, nono daban

A cikin madara akwai wani irin sukari. Jariri na narkar da shi ba wuya, amma manya da yawa ba sa iyawa. In sun sha madara sai kumburin ciki da ƙugi da zawo. Fulani da Buzaye, waɗanda suka gaji shan madara, sun fi sauran jama'a jure mata.

In madara ta kwana ta yi tsami, wasu ƙananan halittu masu amfani, waɗanda ido ba ya gani, sun cinye wani kashi na sukarin nan. Shi ya sa nono ya fi madara sauƙi a ciki. Nonon da aka kaɗa aka cire mai kuma ya fi kindirmo sauƙi ga wanda aka hana wa maiƙo.

Tsami ba wuta ba ne

Ga inda hatsarin yake. Yawanci ana tatsar madara a ƙwarya, a ajiye ta ɗanya har ta yi tsami. Saniya ko akuya na iya ɗauke da cuta, alhali tana kiwo kamar lafiyayya. Akwai bakkale, cutar da ke sa dabba ɓari da kumburin gwiwa. In ta kama mutum sai masassara mai tafiya tana dawowa, da zufar dare, da ciwon gaɓoɓi. Akwai kuma tarin fuka na shanu. Ƙwayoyin waɗannan cututtuka suna iya yin kwanaki da ransu a cikin nono mai tsami. Ruwan tafki da ake ƙarawa da hannu marar tsabta su ma suna kawo zawo. Wanda ciwo ya riga ya raunana, da mai juna biyu, da yaro, da tsoho, su ne suka fi shan wuya.

Yadda za a yi

1. A wanke hannu da sabulu, a goge hantsar dabba kafin tatsa.
2. A tace madara da tsabtataccen ƙyalle.
3. A ɗora ta a wuta har ta tafasa, ana motsawa.
4. A sauke, a rufe, a bari ta koma ɗumi-ɗumi.
5. A zuba cokali 2 na nonon jiya a kowace lita, amma nonon da aka yi da tafasasshiyar madara. A karon farko ana iya sa nonon kamfani marar sukari, irin wanda ake samu a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai.
6. A rufe ya kwana. Lokacin ɗari yakan ƙara jimawa.

Ruwan dama fura shi ma a tafasa shi. Majinyaci ya fara da rabin ludayi, ya ga yadda cikinsa ya karɓa. In ya kumbura, ya dakata.

Nono abinci ne, ba magani ba

Da can ana ba mai gyambon ciki madara don ta kwantar da zafi. Takan kwantar na ɗan lokaci, daga baya zafin ya dawo. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon. Maganinta yana gidan likita, ba ya cikin ƙwarya.

Mai zawo ya fara da ruwan gishiri da sukari na fakiti, wanda ake damawa a lita 1 ta ruwa mai tsabta, kuma ya ci gaba da cin abinci. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai za a ba shi. Wanda aka ba ƙwayoyi ya tambayi likita, don akwai maganin da nono ke rage wa ƙarfi. In an ga jini a bayan gida, ko baƙin kashi, ko amai, ko rama, sai gidan likita ba jinkiri.

Itacen tafasa madara ya fi kuɗin magani araha. Wanda ya iya karatu ya karanta wa matan gida da masu tallar nono, don ƙwaryar a hannunsu take. Rigakafi ya fi magani.