Idan Aka Ce Takardar Cinikin Fili Ta Bogi Ce, Me Kotu Take Yi?

A wannan makon mun zaɓi maganar rigimar fili ne saboda abin ya faɗa wa wata 'yar ajinmu. Ba za mu faɗi sunanta ba. Mahaifinta ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Ana gama sadakar arba'in sai ga wani mutum da takarda, wai marigayin ya sayar masa da filinsu kuma ya biya kuɗi duka. Mamarta ta ce sam, sa hannun ba na mijinta ba ne. Filin nan kuwa shi suka dogara da shi don kuɗin karatun yara biyar.

Abin da mai takardar yake roƙo shi ne kotu ta tilasta magada su ba shi filin. Sai ya nuna an yi cinikin da gaske: ya kawo yarjejeniya, da shaidar biyan kuɗi, da mutanen da aka yi a gabansu.

Amma ga abin da ya ba mu mamaki. Mun ɗauka da zarar an ce takarda ta bogi ce shi ke nan. Ashe ba haka ba ne. Ƙirƙirar takarda laifi ne da ake ɗaure mutum a kai, don haka Dokar Shaida ta 2011 ta ce wanda ya yi zargin, shi zai tabbatar da shi har a kawar da shakka. Kenan mamarta ma aiki ya same ta.

To ta yaya ake ganewa? Ana nemo wasu takardun da kowa ya yarda marigayin ne ya sa musu hannu, kamar na banki, a jera su da wadda ake gardama a kanta. Alƙali yana iya dubawa da kansa, ko a kira masanin rubutu. 'Yar ajinmu ta kai katunan sakamakonta tun na firamare, domin babanta bai taɓa barin kati ya dawo makaranta ba sa hannu ba. Mu da muke ɓoye namu a jaka, sai da jikinmu ya yi sanyi. Su ma shaidu ana tsare su da tambaya ɗaya bayan ɗaya: a ina aka zauna, wa ya ƙirga kuɗin, mai unguwa ya sani? Nan mai ƙarya yakan rikice.

Akwai kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ta ce fili mai takardar mallaka ta gwamna ba a sayar da shi sai da amincewar gwamna. A Kano ana duba rajistar filaye a ofishin KANGIS, a ga sunan wa ke kai. Yawancin iyayenmu dai dillali da shaidu biyu kawai suke nema.

In aka gano takardar ta bogi ce, cinikin ya rushe, mai ita kuma zai iya fuskantar 'yan sanda. In ta gaskiya ce, filin ya fita daga gado ko da magada ba su so.

An ɗage shari'arsu zuwa bayan hutu. Kafin nan kotu ta hana kowa aza ko bulo ɗaya a filin.