Jigilar babura a gabashin Sakkwato: tirela, kanta ko a-kori-kura?

Babur ya zama ƙafar talaka a ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo. To amma ranar da shi kansa ya koma kayan da za a ɗauka, irin motar da aka zaɓa ka iya janyo wa mai shi asarar dukiya, ko tsarewa a shingen bincike, ko ma salwantar rai.

A wannan yanki na fadamun kogin Rima da kogin Sakkwato, babur ne ke fito da buhun albasa da tafarnuwa daga gona zuwa bakin titi, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ne kuma jarin ɗimbin matasa masu sana'ar kabu-kabu. Ko a Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi kuma aka binne shi a cikinsa a shekarar 1837, tuni babur ya karɓe matsayin da doki da jaki suka daɗe suna riƙe da shi.

Sai dai ba kullum ake hawansa ba. Dillali kan ɗebo sababbin babura daga Sakkwato ko Kano zuwa kasuwar Achida ko ta Goronyo. Matashin da zai tafi cin rani kudancin Nijeriya bayan an kawar da amfanin gona yakan tafi da nasa, ya kuma dawo da shi idan damina ta kawo jiki. Ga kuma manomin da injin babur ɗinsa ya buga a ƙauye, ba makawa sai an kai shi wurin makaniki a gari.

Kuɗin da ke cikin lamarin ba kaɗan ba ne. Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi ƙasa warwas a watannin da suka biyo baya, farashin babura ya yi tashin gwauron zabo. A shekarar 2024 sabon Bajaj Boxer, wanda 'yan kabu-kabu suka fi so saboda juriyarsa, ya haura naira miliyan ɗaya. Tankin da ya lotse ko ƙafar gaba da ta lanƙwashe a kan hanya na iya cinye ribar dillali baki ɗaya.

Tirela iri biyu ce

A ƙasashen Turai da Amurka, idan aka ce tirelar ɗaukar babur, ana nufin wata 'yar ƙaramar kura ce mai taya biyu da ake maƙalawa a bayan mota. Tana da kwarmin da tayar babur ke shiga, da ƙarfen da ke tare tayar gaba, da ƙugiyoyin ɗauri. A Birtaniya doka ta ce wadda ba ta da birki kada nauyinta haɗe da kaya ya wuce kilo 750. Ƙa'idar lodinta kuwa ita ce a sa kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin a gaban tayoyi, domin idan nauyi ya rinjayi baya, sai ta riƙa lilo har ta fizgi motar da ke janta.

Irin wannan ba kasafai ake ganinta a arewacin Nijeriya ba, kuma akwai dalili. Tayoyinta ƙanana ne, cikinta kuma kusa da ƙasa yake, saboda haka da zarar an bar kwalta aka faɗa hanyar burji ko rairayi, ta zama jidali. Makaniki ko dillalin da ke kai babur ɗaya ko biyu tsakanin Sakkwato da Achida da Wurno a kan kwalta zai iya cin moriyarta, masu walda kuma ba za su kasa ƙera ta ba. Abin lura shi ne a sa mata tayar mota da kowane mai faci ke da irinta, a yi mata fitilun birki da sigina, a kuma haɗa ta da motar da sarƙa bayan maƙalin, ko da maƙalin zai kuɓuce.

Tirelar da Bahaushe ya sani kuwa ita ce babbar motar nan mai dogon bodi, wadda ke ɗaukar kaya wajen tan 30. Ita ce ke kawo sababbin babura 'yan Indiya da 'yan Sin daga Legas, tafiyar kimanin kilomita dubu ɗaya. Ga irin wannan aiki babu kamarta, domin babur ɗin na cikin kwalinsa, ba a harhaɗa shi ba, babu fetur a tankinsa, ana kuma iya jera kwali bisa kwali ba tare da wata ɓarna ba.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aka harhaɗa shi. Babur irin na kabu-kabu bai fi kilo 100 zuwa 130 ba, amma tsawonsa ya kai mita biyu, kansa kuma na cin wuri. Bodin tirela mai tsawon mita 12, idan aka jera babura a tsaye, ana juya kan wannan zuwa wutsiyar wancan, da ƙyar zai ɗauki ashirin da 'yan kai. Nauyinsu duka kimanin tan uku ke nan, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da motar ke iya ɗauka. Babu direban da zai ƙona man dizal daga Sakkwato zuwa Legas a kan wannan lissafi. Shi ya sa ake fara cika bodin da albasa ko hatsi ko dabbobi, sannan a kwantar da baburan a can sama, masu su kuma su haye su zauna a gefensu.

Wannan ita ce hanya mafi araha, ita ce kuma mafi haɗari. Lodin ya yi tsawo, nauyi ya koma sama, ga shi mutanen ba su da abin kamawa sai igiya. A watan Nuwamban 2023 wata tirela da ta taso daga Sakkwato ɗauke da albasa da mutane fiye da 200 ta yi haɗari a ƙaramar hukumar Magama ta jihar Neja, inda aƙalla mutum 17 suka rasa rayukansu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan haɗa mutane da kaya da dabbobi a mota ɗaya, amma bisa ga dukkan alamu tsadar kuɗin mota ta fi gargaɗin ƙarfi a kunnen matafiya. Duk da haka, wanda ya ga babu makawa sai ya aika babur ɗinsa ta tirela, gara ya biya kuɗin kaya, ya juye fetur, ya cire batir da madubai, shi kuma ya nemi kujera a motar fasinja. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Ɗauri ya fi girman mota muhimmanci

Ga tafiye-tafiyen cikin yankin, waɗanda yawancinsu ba su kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, zaɓin na tsakanin kanta ne da a-kori-kura. Kanta ta dace da dillalin da ke da babura goma ko fiye, kuma bodinta na da ƙarafan da za a ɗaura igiya. Illarta ita ce tsawo. Idan babu katako mai ƙwari da za a turo babur a kansa, ko tudun da motar za ta jingina da shi, sai 'yan dako su ɗaga shi da hannu, kuma a nan ne sigina da salansa da robobin jiki suka fi karyewa, tun motar ba ta tashi ba.

A-kori-kura irin su Hilux na ɗaukar kaya wajen tan ɗaya, don haka babura uku ko huɗu ba su fi ƙarfinta ba, kuma ita ce ke iya kutsawa ƙauyukan Rabah da na bayan Goronyo inda babbar mota za ta kafe. Ƙananan a-kori-kura da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya kuwa, ɗaya ko biyu ne iyakarsu, ko da direban ya rantse cewa ya saba ɗaukar biyar.

Kowace mota aka samu, abin da ya kamata mai babur ya fara dubawa shi ne ko akwai wurin ɗauri huɗu masu ƙwari a ƙasan bodi. Babur abu ne mai ƙafa biyu da ba ya tsayuwa da kansa, kuma ƙafar da ake kafe shi da ita an yi ta ne domin ƙasa mai tsayuwa wuri ɗaya, ba domin bodin da ke tsalle a ramuka ba. Yadda ya dace shi ne a tsayar da shi sak, a dafe tayar gaba da bangon bodi ko a tare ta da katako, a ja igiya biyu daga ƙasan kansa zuwa gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, a matse har shokozoba ta ɗan nutse. Idan ba ta nutse ba, duk ramin da aka faɗa babur zai duƙa ya miƙe, igiya ta saki. Idan kuma aka danne ta har ƙarshe, za ta iya fara zubar da mai. Sauran igiyoyi biyu na baya aikinsu hana wutsiya karkacewa ne.

Robar tsohon tif da aka saba ɗaure buhu da ita ba ta da amfani a nan, domin miƙewa take yi. Bel ɗin ɗaure kaya mai ƙarfen matsewa shi ya fi, in babu shi kuma igiya mai kauri, tare da sa tsumma ko kwali a inda za ta goge fenti. Kwantar da babur a gefensa kuwa na sa fetur ya tsiyaye, baƙin mai ya bi inda bai kamata ba, ruwan batir kuma ya ci fenti. Fetur a kan tamfol cikin zafin watan Afrilu na Sakkwato, ga mai shan taba a kusa, ba sai an yi dogon bayani ba. Direbobin da suka ƙware kan tsaya bayan 'yan kilomitoci kaɗan su sake jan ɗaurin, domin a farkon tafiya ne igiya ke zama.

Kayan da ake yi wa kallon zargi

Akwai kuma abin da mai jan 'yar tirela a Jamus ba ya tunaninsa. A gabashin Sakkwato, a kan babura 'yan bindiga ke kai hare-hare, saboda haka motar da ta ɗebo babura da yawa ba za ta wuce shingen jami'an tsaro ba tare da tambayoyi ba.

A watan Satumban 2021 gwamnatin jihar ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta hana goyon mutum uku a babur, ta taƙaita sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan wayar salula na wani lokaci a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar. Wata guda bayan haka, a ranar Lahadi 17 ga watan Oktoba, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutane fiye da 40. A watan Yulin 2022 ma, ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya shaida wa manema labarai cewa gwamnatin tarayya na duba yiwuwar hana amfani da babura a faɗin ƙasar, ko da yake ba a kai ga zartar da hakan ba.

Zargin bai tsaya a arewa ba. A watan Agustan 2019 jami'an gwamnatin Legas sun tare wata babbar mota da ta taso daga jihar Jigawa ɗauke da mutum 123 da babura 48, ba a kuma sallame su ba sai da aka tantance su. Bugu da ƙari, daga ranar 1 ga watan Yunin 2022 jihar ta haramta acaba kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, an kuma sha nuna yadda ake murƙushe baburan da aka kama. Ɗan cin ranin da bai binciki dokar inda za shi ba, yana iya biyan kuɗin mota ne domin ya kai jarinsa ga halaka.

A saboda haka takarda ta zama wani ɓangare na zaɓen mota. Kowane babur na buƙatar rasidinsa mai ɗauke da lambar inji da lambar jiki, kuma lambobin su dace da waɗanda aka buga a ƙarfen. Motar da aka ɗauka a tasha ta hannun ƙungiyar direbobi ta NURTW, aka rubuta sunan direba da lambar motar da adadin baburan da sunan wanda zai karɓa, ta fi wadda aka tare a bakin titi, ko da kuwa akwai kuɗin kamasho a kai. A nan ne kuma ya kamata a yanke maganar wanda zai biya idan wani abu ya karye, a gaban shaidu, tun kafin a ɗaura igiya. Tafiyar dare kuwa a waɗannan hanyoyi, babu mai hankalin da zai ba da shawararta.

Inda mota ba ta zuwa

Da damina lissafin kan sake canzawa. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala gininta a 1984 kuma take iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, ta bunƙasa noman rani a yankin, to amma idan Rima ya cika ya batse, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2010, ƙauyuka da dama kan koma sai ta kwale-kwale. Babur da buhu da mutum duk jirgi ɗaya suke shiga, musamman ranar kasuwa.

A watan Agustan 2025 hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa NEMA ta sanar da kifewar wani kwale-kwale da ya ɗebo mutane fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo. Babur ɗaya ya kai nauyin manyan mutane biyu, kuma idan aka bar shi a tsaye ba ɗauri, motsi kaɗan ya isa ya tura shi gefe guda ya karkatar da jirgin. Masu tsallakawa da shi kan rage haɗarin ne ta hanyar ajiye shi a tsakiyar jirgin, can ƙasa, su ɗaure shi da katakon jirgi, su kuma jira sahun da ba a cika mutane ba.