Ziyarar Sa'a Guda a Mako: Shirin Musamman Kan Renon Ƙananan Yara

 Yau bahasinmu a kan renon ƙananan yara ne, tun daga ranar suna har zuwa bayan yaye, da kuma wata mas'ala wadda ta daɗe tana ɗaure wa hukumomi da masana kai, watau yadda za a ɗauki aikin da ya yi albarka a unguwa guda a shimfiɗa shi bisa ƙasa baki ɗaya, ba tare da albarkar ta zube a hanya ba.

A shekarar 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara biyar, watau kashi 43 cikin ɗari na yaran ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, suna cikin haɗarin kasa kaiwa ga abin da Allah Ya hore musu na kaifin hankali da ƙarfin jiki, saboda talauci da tsumburewa. Wannan adadi shi ya sa gwamnatoci da dama suke neman dabara, dabarar da aka fi kafa hujja da ita kuwa daga wani ɗan tsibiri ta fito.

A shekarun 1986 da 1987, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, wata likitar yara mai suna Sally Grantham-McGregor, ita da abokan aikinta na Jami'ar West Indies, suka bi unguwannin talakawa gida gida, suka zaɓo yara 129 waɗanda suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24 da haihuwa, suka kasa su kashi huɗu. Kashi na farko aka riƙa ba su kilo guda na garin madara kowane mako. Na biyu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, ta zauna sa'a guda da uwa da ɗanta sau ɗaya a mako. Na uku aka haɗa musu duka biyun. Na huɗu kuwa aka bar su da kulawar asibiti irin wadda aka yi wa kowa, domin a sami abin gwadawa. Haka aka yi ta yi har shekara biyu.

To, mene ne wannan baiwar Allah take yi a cikin sa'arta guda? Ba ta zuwa da allura, ba ta raba kuɗi. Abin da ke cikin jakarta kayan wasa ne waɗanda aka ƙera da kwalaben roba da gwangwani da ƙyallaye, sai 'yan littattafan hotuna. Takan zauna ta nuna wa uwa yadda za ta ambaci sunan kowane abu da yaron ya kai hannu gare shi, yadda za ta dakata ta ba shi dama ya amsa da gwarancinsa, da yadda za ta yaba masa idan ya yi daidai maimakon ta daka masa tsawa idan ya kuskure. Sa'an nan ta miƙa wa uwar abin wasan ta gwada a gabanta, ta bar shi a gidan, sai mako ya zagayo ta zo da wani wanda ya ɗan ɗara shi wuya. Hikimar da ke cikin wannan kaifiyya ita ce, ɗalibar ta haƙiƙa uwa ce, domin mai ziyara sa'a guda gare ta, alhali sauran sa'o'in mako dukansu na uwa ne.

Da shekara biyun ta cika, madara ta yi amfani, ziyara ma ta yi. Amma masu binciken ba su rufe littafinsu nan ba. Suka yi ta bin sawun yaran nan har suka zama magidanta, kuma abin da zamani ya bayyana shi ne, fa'idar madarar ta dushe da tafiya ta yi nisa, ta ziyarar kuwa ta tabbata. A 2014 mujallar Science ta buga nazarin da aka yi tare da James Heckman, masanin tattalin arziki wanda ya sami kyautar Nobel, inda aka ga cewa a shekara 22 da haihuwa waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na 'yan uwansu da kashi 25 cikin ɗari, har sun kamo tsararsu waɗanda ba su taɓa tsumburewa ba. An kuma sami ƙarancin faɗace-faɗace da ƙuncin rai a cikinsu. Kada mai sauraro ya fahimci cewa abinci ba shi da daraja, domin yaron da yunwa ta ci ba ya wasa. Ma'anar ita ce cika ciki kaɗai ba ya buɗe ƙwaƙwalwa.

A nan ne fa wahalar ta soma, domin kula da yara 129 a ƙarƙashin idon masana daban, kula da yara miliyan a hannun ma'aikatar gwamnati daban. Ƙasar Kolombiya ta gwada a garuruwa 96, ta ɗora aikin a wuyan shugabannin mata na shirinta na tallafin kuɗi ga matalauta. Bayan wata 18 aka ga ci gaba a fahimtar yaran, amma da aka koma bayan shekara biyu da tsayar da ziyarar, sai aka tarar bambancin ya ɓace. Peru ta kafa shirin Cuna Más a 2012, ya kai ƙauyuka masu yawa, natijarsa ta samu amma ba ta kai ta Kingston ba. Birazil ta ƙaddamar da Criança Feliz a 2016, wanda yana cikin mafi girma a duniya, duk da haka binciken da aka yi a kansa bai gano wani tasiri bayyananne a kan yaran ba, kuma masu binciken suka danganta wannan da raunin aiwatarwa.

Dalilin, a ganinmu, ba ɓoyayye ba ne. Idan aka ce shiri ya faɗaɗa, abin da ake fara ragewa shi ne kwanakin horo, sai a ƙara wa kowace mai ziyara yawan gidaje, sai albashinta ya yi ƙaranci ko ya makara har ta bar aikin a ɗauko sabuwa wadda ba ta san komai ba, sai kuma mai duba aiki, wanda wajibinsa ne ya bi ta cikin gidaje ya ga yadda take yi ya gyara mata cikin lalama, ya koma mai tattara takardu a ofis. Al'amarin ya yi kama da miyar da aka kaɗa domin mutum goma, baƙi ɗari suka sauka, aka yi ta tsuga ruwa: kowa ya sami rabonsa a kwano, amma babu wanda ya ji ɗanɗano. Rahoto zai nuna an kai ziyara dubu kaza, ba zai nuna ko uwar ta koyi wani abu ba.

Sai dai ba kowane sauƙi ne yake ɓata aiki ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ƙarfafa mana gwiwa. A jihar Odisha ta Indiya an gwada hanyoyi biyu a ƙauyuka 192 har shekara biyu: wasu ana bin su gida, wasu kuma ana tara iyaye mata rukuni rukuni da 'ya'yansu kowane mako. Ko da yake masu zuwa taron sun fi yawan fashi, amfanin hanyoyin biyu ga harshe da fahimtar yara ya zo kusan ɗaya, alhali kuɗin taron dala 38 ne ga kowane yaro a shekara, na ziyarar gida kuwa dala 135. An rage kuɗin zirga-zirga, ba a taɓa ingancin darasi ba.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar su ma sun jarraba nasu, cikin shirin tallafi wanda ya riƙa ba matan gidaje matalauta jaka goma ta kuɗin sefa kowane wata har shekara biyu, aka haɗa wa wasu ƙauyuka da tarurrukan wayar da kai da ziyarar gida. Nazarin da masanan Bankin Duniya suka yi ya nuna kuɗi kaɗai bai sauya yadda ake reno ba. Inda aka haɗa da koyarwa, tarbiyyar iyaye ta inganta, mu'amalar yara da mutane ta ƙaru, amma tsawonsu da kaifin fahimtarsu ba su motsa ba. Wannan sakamako ne na gaskiya, kuma ya fi mana amfani bisa ga rahoton da aka yi wa kwalliya.

A Nijeriya, inda ƙidayar lafiya ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ambaci kula da ƙananan yara, amma ajin share fage yana karɓar yaro ne bayan shekarun da muke magana a kansu sun riga sun wuce. Wanda zai kawo irin wannan shiri ƙasar Hausa lalle ne ya san gidajenmu: mai ziyara mace ce za ta zama, da iznin maigida za ta shiga, kuma sau da yawa goyon yana wuni ne a hannun kaka ko a bayan yayarsa, balle ɗan fari wanda uwa take jin kunyar yi masa wasa a gaban surukai. Duk wanda yake riƙe da yaron, shi ya kamata a zaunar a koya masa.

Saboda haka muna kira ga kwamishinonin lafiya da na ilimi, da shugabannin ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin da ke kawo gudummawa: kafin ku ƙara ƙauye guda a cikin lissafi, ku tabbatar an horar da mai ziyara, an biya ta haƙƙinta a kan kari, kuma akwai mai bin ta cikin gidaje yana duba aikinta. Ku kuma iyayenmu mata da kakanni da kuke saurarenmu, kada ku jira zuwan ma'aikaciya. Ku yi wa jaririn magana yau, ku dakata ya amsa muku.