Kayan Jarumi da Kayan Jaruma

Yaran gidajenmu da yawa sun san Superman da Batman da Wonder Woman, ko a majigi, ko a bangon littafin rubutu, ko a bayan jakar makaranta. Mai karatu, ka taɓa tsayawa ka duba tufafinsu kuwa? Namiji a rufe yake ruf, tun daga wuya har tafin sawu, ga alkyabba a bayansa. Macen kuwa, wadda za ta shiga faɗa iri ɗaya da nasu, an bar ta kafaɗa a waje, cinya a waje. Ashe harsashi yana zaɓen jiki ne?

Waɗannan labarai masu zane daga Amurka suka fito. Samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, su suka ƙago Superman, aka fara buga shi a shekara ta 1938. Kayansa irin na ƙarfafan nan ne masu wasan ɗaga ƙarfe a dandali, shi ya sa ake ganin ɗan kamfai a kan dogon wando, abin da yakan ba yara dariya. Batman ya biyo baya a 1939. Sa'an nan a 1941 wani masanin halayyar ɗan Adam, William Moulton Marston, ya kawo Wonder Woman, domin 'yan mata su ma su sami jarumarsu. Nufin mai kyau ne. Amma da shekaru suka yi ta tafiya, kayanta sai ƙara ɗangalewa suke yi, har suka koma kamar na mai shirin ninƙaya.

A 1954 masu buga littattafan suka kafa wa kansu doka, ciki har da cewa kada a zana surar mace fiye da yadda take. Dokar ta yi ta yin sanyi, a 2011 aka watsar da ita ɗungum. Maganar tufafin ba ta mutu ba. A watan Oktoba na 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa Wonder Woman jakadiyar girmamawa ta mata, sai ma'aikatan Majalisar kansu suka yi ƙorafi, shigarta kuwa tana cikin dalilansu. Ba a wuce Disamba ba aka ajiye ta. Wasu masu zane sun ji kukan tun kafin wannan, gama a 2012 an ba jarumar nan Captain Marvel kaya masu rufe jiki duka, ba ta kuwa rasa masu saye ba.

To, zane dai takarda ne, ba ya jin sanyi, ƙafarsa ba ta kumbura. Inda abin ya fi ciwo shi ne wurin neman abinci.

A watan Disamba na 2015 wata budurwa, Nicola Thorp, ta je aikin tarbar baƙi a wani ofis a Landan da takalmi mara tsini. Aka ce sai ta sa mai dogon dunduniya, inci 2 zuwa 4. Aikin kuwa na yini ne, ana kai da kawowa da baƙi. Ta tambaya ko maza ma haka za su sa. Aka sallame ta gida, ba ko kwabo na ranar. Ba ta yi shiru ba, ta rubuta takardar koke, mutum fiye da 150,000 suka sa hannu, har Majalisar Dokokin Birtaniya ta zauna a kan maganar a watan Maris na 2017. 'Yan kwamitin bincike sun ji labarin matan da aka ce su rina gashi, da waɗanda aka tilasta su riƙa sabunta kwalliya a bakin aiki. Duk da haka gwamnati ta ƙi sake doka, ta ce Dokar Daidaito ta 2010 ta isa. A ganinmu, dokar da ba ta hana a kori yarinya saboda takalmi ba, da sauranta.

Waɗansu wurare sun fi hanzari. A wannan shekara ta 2017 lardin British Columbia na Kanada da ƙasar Filifin suka hana masu ba da aiki tilasta wa mata takalmi mai tsini. Likitocin ƙafa sun daɗe suna faɗa cewa irin takalman nan suna tura nauyin jiki kan yatsu, su kawo ciwon baya da na gwiwa. A Japan, Yumi Ishikawa, wadda ta yi aiki a gidan shirya jana'iza tana tsaye sa'o'i da yawa, ta ta da irin wannan kuka a 2019. Shekara ta gaba kamfanin jirgin sama na Japan Airlines ya yarda ma'aikatansa mata su sa wando da takalmi mara tsini.

Kada a ce maza sun tsira sarai. Su kwat da ɗaurin wuya ne nasu nauyin, ko ana zafi kamar a gasa gurasa. A watan Yuni na 2017 direbobin bas a garin Nantes na Faransa suka roƙi a bar su su sa gajeren wando, aka ƙi. Da suka duba suka ga dokar aiki ta yarda da siket, sai ga ƙattin maza sun zo aiki da siket, gashin ƙwauri a waje. Nan da nan kamfanin ya sassauta.