Ranar da Kwamfutata Ta Daina Gane Babban Baƙi

Shekara 22 ina buga takardu a wani ofishin lauyoyi a Kaduna, tun ana amfani da tafireta. Da ciwon wuyan hannu ya matsa mini, likita ya ce in rage bugu, sai na koma yi wa kwamfuta shifta. Ina magana a makirufo, tana rubutawa. Aikinmu da Turanci ake yi, kuma duk wanda ya taɓa riƙe takardar rantsuwa ya san yadda kanta yake: sunan kotu da manyan baƙaƙe zalla, sunayen mai ƙara da wanda ake ƙara haka, sannan kanun da kowace kalmarsa ke farawa da babban baƙi. Idan aka kuskure wannan, barista zai dawo miki da takardar kafin ya karanta layi na biyu.

Baki ba ya furta babban baƙi. Ko a rubuce ma, ajami bai san shi ba, boko ne ya zo mana da shi. Don haka sai an faɗa wa na'ura. Umarnin kusan iri ɗaya ne a manhajar shifta ta Dragon da kuma shiftar na'urorin Apple: "caps on" na sa kowace kalma ta fara da babban baƙi har sai an ce "caps off", "all caps" na ɗaga kalma gaba ɗayanta, "no caps" kuma na saukar da ita. Na haddace su har ba na jin fitarsu daga bakina.

Wata Litinin na zo na tarar an sabunta manhajar da nake aiki da ita. Na ce "all caps on", na karanta sunan kotu, na ɗaga kai. Umarnin nawa ne zaune a kan takarda a matsayin rubutu, sunan kotu na biye da shi da ƙananan baƙaƙe. Na sake, haka. Ranar takardu 9 ke jirana, kuma da hannun nan mai ciwo na gyara su ɗaya bayan ɗaya. Da daddare ko cokali ban iya riƙewa ba.

Ɗan wana da ke karatun kwamfuta ne ya zo washegari. Bai taɓa komai ba tukuna, ya ce, "Gwaggo, ki faɗi umarnin sau uku, mu ga me take rubutawa." Sau biyu ta rubuta shi daidai amma ba ta aikata ba. Na uku ta rubuta wata kalma dabam, "cuff". Ya ce ai cuta biyu ke nan, kowace da maganinta.

Ta farko ita ce ta fi ba ni mamaki. Duk abin da kika faɗa, na'ura sai ta yanke hukunci: rubutu ne ko umarni? Kafin 1997 galibi sai mai shifta ya riƙa tsayawa bayan kowace kalma. A shekarar ce kamfanin James da Janet Baker a Amurka ya fitar da Dragon NaturallySpeaking, wadda ke karɓar magana a jere kamar yadda mutum ke yi. Daga nan shiru ya samu sabon aiki, ya zama alama. Umarnin gyara abin da aka riga aka rubuta, irin "cap that", yana bukatar ɗan shiru gabansa da bayansa, yayin da "caps on" kan shiga tsakiyar magana ba tare da tsayawa ba. Akwai wurin da ake saita tsawon wannan shirun, akwai kuma yanayin aiki daban-daban: na shifta zalla, na umarni zalla, da wanda ya haɗa biyun. Sabuntawa kan mayar da irin waɗannan saituna yadda suka fito daga kamfani. Tawa mun same ta ba a yanayin da na saba ba, muka mayar da ita kan mai haɗa biyun, nan take sunan kotu ya miƙe. A Dragon ma akwai gwaji mai sauƙi: ki danne Ctrl yayin magana, za ta ɗauki abin da kika faɗa a matsayin umarni, ki danne Shift, ta ɗauke shi rubutu.

Cuta ta biyu daga harshenmu take, kuma ba abin kunya ba ne. Hausa ba ta raba "p" da "f", shi ya sa "cap" a bakin yawancinmu ke fita kusa da "kaf". Tsohuwar manhajar ta shafe shekaru tana jin muryata, tana adana yadda nake furuci a wani kundi na musamman. Da aka sabunta, an buɗe mini sabon kundi fanko, wato kunnen da bai taɓa jin Bahaushiya ba. A nan ne mutane da yawa ke ɓata lokaci suna ɗaga murya. Ihu ba ya ƙara komai sai gurɓata sauti. Abin yi shi ne a nemo tsohon kundin a shigar da shi, idan ya ƙi, a koya wa sabon umarnin ɗaya bayan ɗaya ta wurin horar da kalmomi. Na zauna bayan la'asar, fanka a kashe, ina maimaita "caps off" da muryata ta kullum.

A cikin kundin nan ne kuma sunayen da na koya mata suke: Birnin Gwari, Kafanchan, Zangon Kataf, Ɗanladi. Duk sun tafi, ta koma rubuta su da ƙananan baƙaƙe ko ta mayar da su kalmomin Turanci marasa ma'ana. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin sunan mutum a takardar kotu ba abin wasa ba ne. Ana iya fitar da jerin kalmomin nan a ajiye a filas kafin sabuntawa. Minti biyu ne, kuma yanzu duk ƙarshen wata nake yi.

Saura matsala guda da ta rage har Alhamis: bayan aya, sabuwar jimla na farawa da ƙaramin baƙi, wani lokacin kuma babban baƙi ya faɗo tsakiyar magana. Na'ura na sanin farkon jimla ne idan tana ganin abin da ke bayan alamar rubutu. Tsakaninta da manhajar da ake bugu a ciki akwai wata 'yar gada, kuma sabunta ɗayansu kan iya kashe ta. Gwajin shi ne a yi shiftar a fili mara ado kamar Notepad. Idan ta yi daidai a can, gadar ce, sai a shiga saituna a kunna ta.

Wani lokacin kuma umarnin ne da kansa ya canza. A Disambar 2023 Microsoft ta sanar da cewa Voice Access zai maye gurbin tsohon tsarin gane murya a Windows 11, kuma a sabon ana cewa "uppercase that" don ɗaga kalma. Wanda ya sauya tsari ya fara duba jerin umarninsa kafin ya zargi makirufo.

A Oktoban 2024 Google ta sanya Hausa cikin harsunan da ake iya yi wa manhajarta ta Gboard shifta da su, kuma nakan aika wa 'yan uwa saƙo haka a waya. Takardun kotu dai har yanzu da Turanci nake faɗarsu. Ranar Juma'ar makon da aka yi sabuntawar na gama takardu 11 kafin azahar, hannuna na kan cinyata.