Tsiro Mai Bakin Zarto a Babban Hanji: Dalilin Komawa Wurin Likita

Sankarar babban hanji ba ta faɗo wa mutum rana ɗaya. Galibi takan faro ne daga ɗan tsiro a bangon hanji, wanda zai shekara da shekaru ba ya ciwo. Likitoci sukan zura wata na'ura mai fitila da kyamara ta dubura su leƙa hanjin, in sun ga tsiro su cire shi.

Daga cikin irin wannan tsiro akwai wanda ake kira mai bakin zarto, domin in an dube shi a madubin likita sai a ga gefensa tamkar haƙoran zarto. A dā an ɗauka ba shi da wata illa. Yanzu kuwa an tabbatar cewa wani kaso na sankarar hanji, kimanin 15 zuwa 30 cikin 100, ta wannan hanya yake bullowa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake tsara sunayen ire-irensa.

Wahalarsa ita ce ɓuya. Sau da yawa a shimfiɗe yake, launinsa kusan ɗaya da na hanji, majina ta lulluɓe shi, kuma ya fi zama a ɓangaren dama. Saboda haka ana iya wuce shi, ko a cire a bar saura, kamar manomin da ya tuge ciyawa ya bar saiwa. Wanda aka cire wa babba kuwa, ko wanda ƙwayoyinsa suka soma lalacewa, ya fi fuskantar haɗarin a tarar da mummunan tsiro a leƙe na gaba.

Wannan ne ya sa a 2020 kwamitin ƙungiyoyin likitocin hanji na Amurka ya ƙayyade lokacin komawa. In shimfiɗaɗɗen tsiron ɗaya ne ko biyu, ƙasa da milimita 10, a koma cikin shekara 5 zuwa 10. In ya kai milimita 10, ko ƙwayoyinsa sun lalace, shekara 3. In ya kai milimita 20 aka cire shi gutsure-gutsure, wata 6.

To, duk wanda aka yi wa wannan aiki, lalle ya karɓi takardar sakamakon gwaji, ya tambayi nau'in tsiron, da girmansa, da ranar komawa. Jin lafiyar jiki ba hujja ba ce ta fasa zuwa.