Gwajin Manhajar Waya: Taɓa Allo Kaɗai Bai Isa Ba

Kafin manhajar banki ko ta sayayya ta iso wayarka, kamfanoni da dama sukan sa kwamfuta ta gwada ta da kanta: ta danna maɓallai, ta shigar da lambobi, ta duba ko amsar da ta fito daidai ce. Cikin kayan wannan aiki akwai Appium, wanda kyauta ake samun sa. Shi Appium ba ya taɓa wayar da kansa. Umarni yake miƙa wa direba, wato UiAutomator2 a Android da XCUITest a iPhone, su kuma su yi magana da tsarin wayar.

Gwajin da ya tsaya a kan allo ya bar mafi yawan aikin a baya, domin abin da ke ƙona wa mutane rai ba a nan yake aukuwa ba. Sabis ne zai ɗauke ana tsakiyar tura kuɗi, ko kira ya shigo, ko caji ya yi ƙasa, ko mai waya ya hana manhaja izinin kyamara. Mai gwaji ba zai iya haddasa waɗannan da gangan ba sai ya sauka zuwa ga direban, ko ga adb, wato hanyar ba wa wayar Android umarni daga kwamfuta, ya kashe intanet, ya janye izini, ya ga yadda manhajar za ta yi. Wanda ya ƙi sauka tamkar mai sayen gida ne da ya yaba fenti bai duba rufi ba, ga damina na tafe.

Masu ja da wannan suna da hujja. Umarnin da ya dogara da direba ɗaya ba ya aiki a ɗayan, kuma yana saurin lalacewa: a 2016 Apple ya janye tsohon tsarinsa na UIAutomation, dole masu gwaji suka koma XCUITest. Ga kuma batun tsaro, shi ya sa Appium yake barin ƙofar adb a kulle sai an buɗe ta da gangan. Amma waɗannan dalilai ne na yin tsari, ba na ƙauracewa ba. A tara irin waɗannan umarni wuri guda a cikin shirin gwajin, a buɗe izinin da ake bukata kawai, ta yadda in tsarin waya ya sauya, wuri ɗaya za a gyara.

Manhajar da ba a taɓa yanke mata sabis ana tsakiyar tura kuɗi ba a ɗakin gwaji, bai kamata a sake ta ga jama'a ba.